A Ba Ma'aikatan Lafiya Kariyar Doka Su Karɓi Tsohuwar Allura Su Ba Da Sabuwa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum warahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani al'amari, wato karɓar tsohuwar allura daga masu yi wa kansu allurar maye a ba su sabuwa, wanda na san masu karatu da yawa za su ji shi banbaraƙwai, kamar yadda ni ma na ji shi ranar da aka fara kawo mana zancensa a wajen wata bita. Ni tsohon ma'aikacin lafiya ne, na ƙare aikina a ƙananan asibitocin karkara na yankin Kura da Bunkure da Garun Malam, kuma yawancin abin da zan faɗa a ɗakin allura na koye shi.

A watan Mayu na 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure a Jihar Kano, wadda ta haɗa da gwajin ƙanjamau da ciwon hanta nau'in B da C da kuma gwajin jini na sikila. Na yi murna da wannan doka, domin na ga matan da aka kai su gidan miji lafiyarsu ƙalau, aka dawo da su gidan iyayensu da cutar da ba su san inda suka samo ta ba. Sai dai gwaji labari yake bayarwa bayan cuta ta riga ta shiga jiki. Saurayin da aka hana aure saboda sakamakon gwaji ya ɗauki cutar ne a wani wuri, a wata rana, kuma ɗaya daga cikin ƙofofin da take shigowa ta nan, wadda mu mutanen karkara ba ma son a ambata, ita ce allurar da mutum biyu ko biyar suka yi amfani da ita.

Binciken da gwamnatin tarayya ta gudanar gida-gida a 2018 ya nuna cewa kashi 1.4 cikin 100 na 'yan Najeriya masu shekara 15 zuwa 49 suna ɗauke da ƙanjamau, kuma Jigawa tana cikin jihohin da abin ya fi sauƙi, da kashi 0.3 kacal. Wannan abin godiya ne ga Allah. Amma binciken nan dai ya gano ciwon hanta nau'in B a jikin kashi 8.1 na manya, nau'in C kuma a jikin kashi 1.1, wato a duk taron ɗaurin auren da ya tara mutum 100, ana iya samun kamar 8 da ke ɗauke da ƙwayar B, galibinsu ba su sani ba. A ƙauyukanmu sai ido ya yi rawaya, ciki ya kumbura, ƙafa ta tasa, sannan a ce shawara ce, ko a ce sammu aka yi masa, alhali ƙwayar ta yi shekaru tana cin hanta a ɓoye. Ƙwayar B tana iya yin kwana 7 a raye cikin busasshen jini a wajen jiki, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ta fi ƙwayar ƙanjamau saurin kama mutum sau 50 zuwa 100. Ɗigon jinin da ya maƙale a cikin tsinken allura, wanda ido ba ya ma ganinsa, ya ishe ta.

Za a ce ai masu yi wa kansu allurar maye a birni suke, ba a ƙauye ba. Haka na ɗauka har zuwa lokacin da na fara tsintar sirinji a kangon bayan makaranta da bakin magudanar ruwan noman rani. Abin da samarinmu ke tsirawa ba hodar iblis ba ce, domin ba su da kuɗinta. Allurar kashe zafin ciwo ce da ake kira fentazosin, wadda su suke ce wa penta, kuma da yawansu ba don neman maye suka fara ta ba. Wani mai sikila ne da ciwon ƙashi ya tayar masa cikin dare aka yi masa ita a kemis, wani kuwa hatsarin babur ya yi aka yi ta ɗirka masa ita har jikinsa ya saba, daga nan idan bai samu ba sai zufa da hamma da ciwon gaɓɓai su hana shi sakat. Binciken shaye-shaye na ƙasa da Hukumar Ƙididdiga ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 ne suka yi amfani da kayan maye a cikin shekara guda, cewa kimanin 80,000 daga cikinsu ta allura suke yi, kuma abin da aka fi tsirawa shi ne irin waɗannan magungunan asibiti na kashe zafi. A Kano kaɗai binciken ya sa masu shaye-shaye a kashi 16 cikin 100. Bayan an haramta maganin tari mai kodin a watan Mayu na 2018, waɗanda na sani ba duka suka daina ba, wasu sun koma tiramol, wasu kuma sun gangara zuwa allura.

Akwai wani yaro, ɗan maƙwabcin wani abokina, manomin tumatir, wanda ya zo mini wata rana bayan la'asar, ya tsaya a bakin ƙofa har sai da kowa ya watse, sannan ya ce, "Baba, don Allah ka taimake ni da sirinji guda biyu." Na dubi hannunsa na ga tabon allura da gyambon da penta ke haifarwa, na gane abin da yake ciki. Na yi masa faɗa sosai, na ce asibiti ba wurin taimaka wa 'yan ƙwaya ba ne, na kore shi, kuma a ranar na kwanta ina jin na yi abin da ya dace. Bai daina allura ba. Ya koma cikin abokansa huɗu, su biyar da sirinji ɗaya da suke ɗaurayewa da ruwan fadama. Bayan kamar shekara biyu aka kawo shi a kan babur idonsa ya yi rawaya, gwaji ya nuna ciwon hanta nau'in B, aka gwada matarsa aka same shi, kuma a lokacin tana da ciki wata bakwai. Ita wannan baiwar Allah ko goro ba ta ci. Abin da na hana shi a ranar nan kuɗinsa bai kai na kofin shayi ba, kuma har yau idan na wuce ta ƙofar gidansu sai na tuna.

Mai karatu zai tambaya, tunda sirinji ba shi da tsada, me ya hana shi ya saya? Wanda ya zauna a ƙauye ya san amsar. Mai kemis ɗaya ne ko biyu a garin, ya san shi, ya san ubansa, kuma kafin sallar isha'i labari ya kai ƙofar gidan mai unguwa. Idan kuma 'yan sintiri ko jami'an tsaro suka laluba aljihunsa suka sami sirinji, ya san inda zai kwana. Saboda haka a lissafinsa ya fi masa sauƙi ya ari na abokinsa a kango ya jefar a nan, ya tafi hannu rabbana. Kunya da tsoro su ne suke tara su a kan allura ɗaya.

Tsarin da nake magana a kai mai sauƙin bayani ne: mutum ya kawo tsohuwar allurarsa a jefa ta cikin kwalin tara allurai a ƙone, a ba shi sabuwa a cikin ledarta, kuma a wannan zuwan ne ake samun damar gwada jininsa, a yi masa rigakafin ciwon hanta B, a wanke masa gyambo, a yi masa nasiha a nuna masa hanyar barin abin gaba ɗaya. Masana suna kiran wannan da rage cutarwa. An fara shi a birnin Amstadam na ƙasar Holan a 1984, kuma saboda ciwon hanta B aka fara shi, tun kafin a gane girman ɓarnar ƙanjamau a tsakanin masu allura. A daidai waɗannan shekaru birnin Edinbura na Sikotilan ya bi ɗaya hanyar: 'yan sanda suka matsa, suna ƙwace sirinji, samunsa ya yi wuya, masu allura suka koma karɓa-karɓa, kuma da likitoci suka gwada jinin wani rukuni na masu allurar hiroyin a tsakiyar shekarun 1980, sai suka tarar kusan rabinsu sun kamu da ƙanjamau. Bayan wannan ne Birtaniya ta buɗe wuraren musayar allura a 1986 da 1987, a zamanin gwamnatin da ba wanda zai zarge ta da sassauci ga masu laifi.

Misalin da ya fi kama da namu daga karkarar Amurka ya fito. A Jihar Indiyana akwai wani ɗan gari mai suna Ostin, mutanensa ba su wuce 4,000 da 'yan kai ba, inda talauci ya yi yawa, asibiti ya yi nisa, kuma mutane suka kamu da narka wani maganin kashe zafi suna tsira wa kansu. A lokacin dokar jihar ta hana raba sirinji. Yankin da a da ba a samun sabbin masu ƙanjamau biyar a shekara, a 2015 aka sami fiye da 180, daga baya adadin ya haura 200, kuma mafi yawansu suna ɗauke da ciwon hanta C a haɗe. Gwamnan jihar na lokacin, wanda daga baya ya zama mataimakin shugaban Amurka, mutum ne mai ra'ayin riƙau da ya daɗe yana adawa da tsarin, amma a watan Maris na shekarar ya ayyana dokar ta-ɓaci ya ba da izinin musayar allura. Ƙaramin gari inda kowa ɗan'uwan kowa ne, a nan cuta ta fi gudu, domin allura ɗaya tana zagaya 'yan gida ɗaya da abokan wasa. Wanda ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama wuta ya san abin da ya kamata ya yi wa nasa.

Na san abin da ke cikin zuciyar malamanmu da iyayenmu, domin shi ne ya sa na kori yaron nan: Allah ya hana taimakekeniya a kan saɓo, kuma miƙa wa mashayi sirinji ya yi kama da hakan. Ni ba malami ba ne, fatawa ta masu ita ce, amma na zauna gaban malamai na ji ƙa'idar da ke cewa idan cuta biyu suka haɗu babu makawa sai an ɗauki ɗaya, to a ɗauki mafi sauƙi don a kauce wa mafi girma. Na ji ƙissar balaraben ƙauyen da ya yi fitsari a masallaci, sahabbai suka taso masa, Manzon Allah (SAW) ya ce a ƙyale shi ya gama sannan a zuba ruwa, domin korarsa a tsakiya za ta watsa najasar ne. Na kuma ji ta mutumin da ake yawan kawowa saboda shan giya, wani ya la'ance shi, Manzon Allah (SAW) ya hana. Ma'aikacin lafiya ba ya ba da ƙwaya, ba ya kuma halatta ta. Yaron zai yi allurar ko an ba shi sirinji ko an hana shi, abin da ke hannunmu kawai shi ne ko matarsa da jaririnta za su biya bashin da ba su ci ba. Ƙasashen Musulmi sun yi wannan muhawara sun wuce ta. A Iran, inda ake rataye dillalan ƙwaya, shugaban ɓangaren shari'a ya ba alƙalai umarni a 2005 cewa kada a tsangwami masu aikin raba sirinji da maganin metadon, wanda ke kwantar da ƙishirwar ƙwaya irin hiroyin. Maleshiya ta fara ba da metadon a 2005, ta fara musayar allura a 2006, a lokacin da mafi yawan masu kamuwa da ƙanjamau a ƙasar ta allura suke kamuwa, kuma cikin shekaru kaɗan wannan kaso ya faɗi warwas. Ko a nan Afirka ta Yamma, Senegal ta buɗe irin wannan cibiya a Dakar a ƙarshen 2014.

Ɗaya tsoron shi ne cewa sirinji kyauta zai jawo sabbin 'yan allura. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tattara binciken da aka yi a ƙasashe daban-daban a 2004 ba ta sami hujjar hakan ba, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka kuma ta ce waɗannan wurare suna rage kamuwa da ƙanjamau da ciwon hanta C da kusan rabi, kuma masu zuwa wurin sun fi sauran shiga shirin daina shaye-shaye. Wannan bai ba ni mamaki ba. Mutumin da kowa ke kora, ranar da ya sami wanda ya kira shi da sunansa ya tambayi lafiyarsa, wannan ne zai saurara idan ya ce masa lokaci ya yi da za a je Dawanau a ga likitan ƙwaƙwalwa. Gaskiya ce kuma sirinji shi kaɗai ba ya isa, musamman a kan nau'in C, sai an haɗa da maganin da ke kwantar da ƙishirwar ƙwayar da kuma gwaji da magani. Nau'in C ba shi da rigakafi, amma yanzu ana warkewa daga gare shi da ƙwayoyin da ake sha na mako 12, sai dai tsadarsu ta fi ƙarfin manomin da ke jiran kakar shinkafa.

Najeriya ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta gwada tsarin a 2020 a jihohin Oyo da Abiya da Gombe, kuma babban tsarin ƙasa na yaƙi da miyagun ƙwayoyi na 2021 zuwa 2025 ya amince da rage cutarwa a rubuce. Matsalar ita ce takardar manufa daban, doka daban. Dokar da ta kafa hukumar NDLEA tun 1989 ta tanadi ɗaurin shekara 15 zuwa 25 ga wanda aka kama da mallaka ko amfani da hodar iblis ko hiroyin da makamantansu, ba ta kuma ware ma'aikacin da ya ɗauko kwali cike da tsofaffin sirinji masu ragowar ƙwaya a ciki ba. Jami'in da ya tare shi a shingen hanya da doka yake aiki, bai taɓa ganin takardar manufa ba, kuma babu ƙaramin ma'aikacin da zai sa aikinsa da mutuncinsa a wannan caca. Tsibirin Morishus ya warware wannan tun 2006 da sashe guda a dokarsa ta ƙanjamau, wanda ya ce mallakar sirinji a ƙarƙashin shirin ba laifi ba ce a dokar miyagun ƙwayoyi. Irin wannan sashe nake roƙo. Tunda kundin tsarin mulkin 1999 ya sa sha'anin magunguna da guba a hannun tarayya, gyaran dokar NDLEA aikin sanatocinmu da 'yan majalisar wakilanmu ne a Abuja, amma majalisun dokokin Kano da Jigawa suna da hurumin yin dokar lafiyar al'umma da za ta amince da shirin a asibitocin jiha, ta ba ma'aikata katin shaida, ta kuma zaunar da NDLEA da 'yan sanda da Hisba da masarautu a kan tabarma ɗaya kafin a fara. Dillalin da ke shigo da kwalayen penta ba tare da takardar likita ba kuwa, a ci gaba da farautarsa, ban nema masa sassauci ko na ƙwayar zarra ba.

Idan za a yi dokar, kada a kwafo tsarin birni a dasa a ƙauye. Duk ranar da aka kafa allo aka rubuta cewa nan ne wurin masu allura, ba wanda zai taka wurin. Sai dai a sa aikin cikin ayyukan yau da kullum na asibitin sha-ka-tafi, ta ƙofar da mai zazzaɓi da mai awon ciki suke shiga, a kuma hukunta ma'aikacin da ya fitar da sirrin mara lafiya, domin mu ma'aikata, in faɗi gaskiya, bakinmu bai cika rufuwa ba a majalisar dare.

Haka kuma kada dokar ta tsaya a kan 'yan maye kaɗai, domin allura ba ta tambayar wanda ya riƙe ta. Ƙasar Masar ta taɓa zama ta fi ko'ina yawan kason masu ciwon hanta C a duniya ne saboda gangamin allurar maganin tsargiya da aka yi daga shekarun 1950 zuwa farkon 1980, inda ake jera mutanen ƙauye a yi musu allura da sirinjin gilashi da ba a dafa shi yadda ya kamata ba. Hukuma ce ta yi, da kyakkyawar niyya, kuma sai da ƙasar ta gwada mutum kusan miliyan 60 a gangamin da ta fara a 2018 kafin ta shawo kan abin. Mu da muke zaune a bakin ruwan Kadawa mun san tsargiya, mun kuma san son allura da mutanenmu ke yi, har mara lafiya yana ganin ba a duba shi ba idan ba a tsira masa ba. Akwai masu kemis da masu yawo da jaka a kasuwannin ƙauye da ke canja tsinke su bar bututun sirinjin, suna zaton sun tsare lafiya, alhali jini yana komawa cikin bututun. A wajabta sirinjin da ke kulle kansa bayan amfani ɗaya, irin wanda ake yi wa yara rigakafi da shi. Wanzamai kuma, waɗanda aski da ƙaho da kaciya da cire beli ke hannunsu, a kira sarakunan askarsu a koya musu, a taimaka musu da reza sabuwa ga kowane kai, domin na yi aiki da su a lokacin rigakafin shan-inna na ga suna karɓar gyara idan an girmama su.

Jaririn da matar nan ta haifa, mun samu mun yi masa allurar rigakafin ciwon hanta B a ranar da aka haife shi, domin tun 2004 take cikin jerin rigakafin yara a ƙasar nan kuma ana son a yi ta cikin awa 24 na farko, abin da ke wuya a inda yawancin mata a gida suke haihuwa. Yana nan yana zuwa makarantar allo. Mahaifinsa ya rasu. Daga cikin abokansa huɗu, biyu suna nan suna allura a kangon nan dai, kuma ko a makon jiya sai da na tsinci sirinji shida a bakin magudanar da yara ke wanka, na zuba su a tsohuwar jarka na kai asibiti aka ƙone.

Ina roƙon ka, Malam Edita, ka tura wakilinka Gombe ya zauna da ma'aikatan da suka gudanar da shirin nan da limaman unguwannin da aka yi shi, ya kawo mana abin da suka gani, mai daɗi da mara daɗi, a buga shi da Hausa, domin 'yan majalisarmu da hakimanmu su karanta kafin zaman kasafin kuɗi mai zuwa.

Wassalam. Naka,
Tsohon ma'aikacin lafiya,
daga Ƙaramar Hukumar Kura, Jihar Kano.